Hattara da Zazzaɓin Agogon Miliyoyi

Wata fitina tana shigowa zangunanmu na Akra ta wuyan hannu, kuma da yake ta sha ado, mutane da yawa marhabin suke yi mata. Fitinar agogo ce. Mun taso mun ga iyayenmu da Seiko 5 da Rado da Orient, tsarabar Makka, mutum ya ɗaura shekara ashirin yana duba lokacin salla da na buɗe shago, in ya rasu ɗansa ya gada. Wannan ba shi da laifi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne agogon inji na miliyoyi, wanda samarin Nima da Maamobi da Sabon Zango suka haddace sunayensa daga waya: Richard Mille, Patek Philippe, F.P. Journe, Philippe Dufour. Zauna a bes ɗin ataya bayan isha'i, za ka ji yaron da bai gama koyon sana'a ba yana jero farashinsu da dala, yana rantsuwa kafin ya cika talatin sai ɗaya ya hau hannunsa. Da a baki abin ya tsaya, da da sauƙi. Yanzu ya fara cin jarin 'yan kasuwa, yana cin kuɗin susu, wato adashen mata, yana kuma tura yaranmu hanyar da ƙarshenta kurkuku ne.

Rashin sanin abin shi ne jarin macuta, don haka bari in faɗi yadda yake. Agogon inji ba ya aiki da batir. Wani siririn ƙarfe ne naɗaɗɗe a cikinsa, a wana shi da yatsa ko motsin hannu ya wana shi, ya riƙa warwarewa sannu a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora, wata ƙafar kuma tana kai da komo sau dubbai a awa guda tana ƙayyade tafiyar. Babban kamfani irin Rolex yana fitar da wajen miliyan guda a shekara. Amma akwai wasu tsirarun maƙera masu zaman kansu, yawancinsu a Suwizalan, waɗanda da hannu suke goge kowane ɗan ƙarfe, su gyara gefensa da madubi a ido. Philippe Dufour, dattijon da ke aiki a wani ƙauye cikin kwarin Joux, ya fito da agogonsa mai suna Simplicity a shekarar 2000, kuma cikin shekara goma sha wani abu kimanin 200 kawai ya ƙera. Roger Smith na tsibirin Man, almajirin marigayi George Daniels, abin da shagonsa ke gamawa a shekara bai kai ashirin ba. F.P. Journe na Janiba bai cika dubu a shekara ba. Kowanne da lambarsa, sau da yawa ma an san hannun da yake. A 2021 an sayar da agogon Dufour guda ɗaya tak a kan dala miliyan 7.6. Gwanintar mutanen nan gaskiya ce, ban ƙi ta ba, kuma wanda ya ga aikin dole ya jinjina.

To, a yi wa Allah a yi tunani. Abin da attajiran Hong Kong da Dubai da Singafo suke bin layi shekara da shekaru kafin su samu, ta ina zai biyo ya faɗo cikin jakar wani saurayi a Tudu ko Okaishie, har ya ja ka gefe ya ce, "Alhaji, wani borga ne, ɗan dawowa daga ƙasar waje, ya matsu, kawo sidi dubu talatin kawai"? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai jabu ne, ko na sata, ko kuma kuɗin da aka saye shi da su na wasu bayin Allah ne da ke kuka a wata ƙasa.

Jabun agogo ba baƙo ba ne a kasuwar Makola. Tun muna yara muna ganinsa a faranti da kan tebur, an rubuta Rolex a fuska, kowa ya san na wasa ne, mai sayarwa ya sani, mai saye ya sani, ruwan sama ɗaya ya dake shi launin ya koɗe. Na yanzu ya sha bamban. Masana'antun da ke turo kaya ta kasuwannin Guangzhou sun ƙware har suna kwaikwayon nauyin agogon, da gilashinsa, da rubutun gefensa. Yana zuwa da akwati, da kati mai lamba, da takardar garanti, har da rasit na wani shago a Dubai. Duk waɗannan ana buga su ne a inda aka buga agogon. Kuma cinikin ya bar kan tebur ya koma Instagram da TikTok da WhatsApp, inda za a nuna maka hoton na gaske, ka tura kuɗi ta momo a waya, ɗan babur ya kawo maka wani abu dabam, kafin ka buɗe akwati lambar wayar ta mutu.

Wata rana ina tsaye gaban wani dattijo mai gyaran agogo a gefen kasuwa, irin masu ɗan tebur da akwatin gilashi cike da matattun agoguna da sarƙoƙi, sai ga wani saurayi tsaf da shi, ya kwance agogo daga hannu yana murmushi.

"Baba, a ɗan rage mini sarƙar nan, ta yi mini yawa."

Dattijon ya karɓa, ya jinjina shi a tafin hannu, ya kara a kunne. Ya ɗaga kai ya dube shi.

"Ɗana, nawa ka saye shi?"

Yaron ya sunkuya ya raɗa masa. Dattijon bai ce komai ba. Ya maƙala madubinsa a ido, ya ɗauko maɓalli ya kwance bayan agogon, ya juyo masa da shi. A ciki wani ɗan ƙaramin inji ne na araha, an zagaye shi da zoben farar roba don ya cika ramin. Yaron ya tsaya yana kallo, gumi na tsatso masa. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce kuɗin da yake tarawa ne na lefe, an ce masa in ya riƙe agogon wata shida zai sayar ninki biyu. Dattijon ya mayar da murfin, ya miƙa masa, ya ce, "Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Ba kai ne na farko ba a wannan watan." Bayan yaron ya tafi ya gaya mini cewa wannan ma mai sauƙi ne, akwai waɗanda har injin cikinsu an kwaikwaya, shi kansa da ya tsufa a sana'ar ba zai rantse a kansu ba.

Kada wani ya ce shi idonsa a buɗe yake. A Nuwamba 2021, a wani gwanjo da kamfanin Phillips ya yi a Janiba, an sayar da tsohon agogon Omega Speedmaster na 1957 a kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan 3. Kamfanin Omega da kansa ne ya saya don ajiyewa a gidan tarihinsa. A 2023 sai ga Omega ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne na sassan wasu tsofaffin agoguna, har yana zargin wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Kamfanin da ya ƙera agogon, da masanansa da kundin tarihinsa, an rufe masa ido. Ina ga mai shagon atamfa a Makola da iliminsa na agogo bai wuce bidiyon waya ba?

Wanda ya sayi jabu don ado, asararsa ta tsaya a aljihunsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sabuwar maganar da ake raɗa wa 'yan kasuwarmu, wai agogo ajiya ne, ya fi banki, ya fi fili, ba ya faɗuwa. Na san dalilin da ya sa maganar take shiga kunne. Duk wanda ya yi kasuwa a Ghana a 2022 bai manta ba. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta ninka har ta wuce. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Gwamnati ta sake fasalin bashin da take ci a cikin gida, masu takardun lamuni suka ji a jikinsu. Kafin nan, a 2019, Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan cibiyoyin ba da rance 347 a rana ɗaya. Mutumin da ya ga guminsa yana narkewa a hannu dole ya nemi inda zai ɓoye shi, wannan ba wauta ba ce. Macuci kuwa daidai wannan tsoron yake nema.

Ga yadda tayin yake zuwa. A ce ku haɗu mutum goma ku sayi agogo ɗaya, yana ajiye wurin wani amintacce a Dubai ko Landan, za a riƙa ba da shi haya ko a juya shi, duk wata a raba riba. Ko a ce ka kawo kafin alƙalami, an samo maka gurbi a layin wani maƙeri a Suwizalan. Ba ka ga agogon ba, ba ka san lambarsa ba, hoto kawai aka turo maka. Jama'a, mun taɓa jin irin wannan. Kamfanin Menzgold na Nana Appiah Mensah ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari duk wata a kan zinariyar da aka ce tana ajiye. A Satumba 2018 hukumar kula da hannayen jari ta dakatar da harkar, dubban mutane suka shiga bin kuɗinsu shekara da shekaru, cikinsu har da 'yan fansho da matan kasuwa. An sauya zinariya da agogo ne kawai, tarkon bai sauya ba.

Kuma an riga an yi shi da agogon kansa a ƙasashen da suka fi mu tsaro da doka. A Japan wani kamfani mai suna Toke Match ya karɓi agogunan mutane masu tsada, yana biyansu kuɗin haya duk wata. A ƙarshen Janairu 2024 ya rufe ba zato, kusan agogo 900 ba su dawo hannun masu su ba, shugabansa ya tsere Dubai. A Amurka wani dillali, Anthony Farrer, wanda ya yi suna a intanet da laƙabin Timepiece Gentleman, ya riƙa karɓar agogunan mutane da sunan zai sayar musu, yana cinye kuɗin. Abin da ya salwantar ya haura dala miliyan 5, kuma a 2025 kotu ta ɗaure shi wata 70. Waɗannan suna da ofis, da takardu, da mabiya dubbai. Naka amintaccen da lambar WhatsApp kawai ka sani, wa zai kamo maka shi?

A ce ma ka yi sa'a ka sayi na gaske. Maganar wai ba ya faɗuwa ƙarya ce tsagwaronta. Lokacin annobar korona da haukar kuɗin kirifto farashin agogunan hannu na biyu ya yi tashin gwauron zabo, ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya riƙa gangarowa sama da shekara biyu. Fitattun samfuran Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet da aka yi ta rububinsu, wasu sun zubar da sulusin darajarsu, wasu ma fiye. Waɗanda suka saya a saman tudu har yau suna lissafin asara. Na maƙera masu zaman kansu kuwa kasuwarsa ta fi ƙunci, masu sayensa a duk duniya 'yan kaɗan ne, kuma sun san juna. Dala in ka matsu, 'yan canjin Cow Lane za su ba ka sidi nan take. Zinariya maƙeri zai auna ya biya ka. Agogon dala dubu ɗari fa, ranar da aka kwantar da mahaifiyarka a asibiti ko kwantenarka ta maƙale a tashar Tema, wa zai saya a Akra kafin la'asar? Wanda zai taya ya san ka matsu, rabin kuɗi zai ba ka, in ma ya yarda na gaske ne.

Sannan abin yana ci kamar doki a turke. Man da ke cikin injin yana bushewa, duk bayan 'yan shekaru sai an kwance shi gaba ɗaya an wanke an sake zuba mai. Danshin bakin teku irin na Akra ba ya raga wa ƙarfe. Agogon maƙeri mai zaman kansa ba shi da kayan gyara a kasuwa, sai an mayar da shi hannun wanda ya ƙera, a biya jirgi da inshora da ladan aiki da kuɗin waje, a jira watanni. In ka bari wani ya buɗe shi a nan, darajarsa ta faɗi. In ka ɗaura shi ka shiga trotro ko ka ratsa Circle da dare, ka rataya wa kanka abin da zai sa a sare maka hannu. A Landan da Faris ma fizgen agogo da wuƙa ya zama ruwan dare.

Duk wannan asarar dukiya ce, ana iya mayarwa. Wadda ba a mayarwa ita ce ta yaranmu. Babu wata sana'ar halal da za ta ba ɗan shekara ashirin da biyu agogon dala dubu ɗari biyu, kuma yaran sun san haka sarai. Shi ya sa kwaɗayin agogon yake zama ƙofar sakawa, wato damfarar intanet. Gwarzon da da yawansu suka taso suna kallo shi ne ɗan Najeriya Ramon Abbas, wato Hushpuppi, da hotunansa na Dubai. Ya kamata su san labarin agogon da suke gani a hannunsa. Takardun kotun Amurka sun nuna yadda shi da abokansa suka damfari wani ɗan kasuwa da ke neman rancen gina makaranta a Katar, suka karɓe masa sama da dala miliyan ɗaya. Daga cikin kuɗin aka fitar da kimanin dala 230,000 aka sayi Richard Mille RM 11-03, aka ɗauko shi daga New York aka kai masa Dubai, ya ɗaura ya yi hoto. Kuɗin makarantar yara ne a wuyan hannunsa. An kama shi a Yuni 2020, a Nuwamba 2022 kotu a Los Angeles ta yanke masa wata 135. Agogon da ya yi taƙama da shi yana cikin hujjojin da aka lissafa a kansa.

Kada a ce wannan na Najeriya ne. Mona Montrage, 'yar ƙasar nan wadda aka sani da Hajia4Reall, an miƙa ta ga Amurka daga Birtaniya a 2023, ta amsa laifin haɗa baki wajen karɓar kuɗin sata da aka samo ta damfarar soyayya, a 2024 aka yanke mata shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ko wanda bai yi damfarar ba, in ya sayi kayan da aka saya da kuɗinta, yana iya wayar gari babu kaya babu kuɗi. A 2025 hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki ta EOCO ta karɓe wata Lamborghini daga hannun mawaƙi Shatta Wale bisa buƙatar hukumomin Amurka, waɗanda suka ce motar na da alaƙa da dukiyar damfarar wani ɗan Ghana da ke ɗaure a can. Mawaƙin ya ce da kuɗinsa ya saya, amma hakan bai hana a tafi da ita ba. Agogo mai tsada ya fi mota sauƙin ɓoyewa da tsallaka iyaka, shi ya sa masu wanke kuɗin haram suke ƙaunarsa, kuma lambar da ke jikinsa ba ta gogewa daga rajistar masu nemansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne shirun da muke yi. Yaro ba ya fita aiki, dare yake rayawa a kan kwamfuta, rana ya yi barci, sai ga shi ranar Salla ko wurin aure da agogon da ya fi kuɗin gidan ubansa. Maroƙa su yi masa kirari, a ba shi kujerar gaba, uwa ta ce Allah ya buɗa wa ɗanta, wani lokacin har a karɓi gudummawarsa a masallaci ba a tambayi tushenta ba. Ƙannensa suna kallo. Wane darasi muke so ɗan shekara goma sha biyu ya ɗauka, alhali yayansa mai koyon walda yana dawowa da baƙin hannu babu mai kula shi? Shekaru da yawa mutanen Nima da Maamobi suna fama su wanke sunan unguwanninsu daga sharrin da ake jingina musu, malamai da sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa sun sha wahala a kan haka. Ba za mu bari a mayar da mu baya saboda abin ɗaurawa a hannu ba.

Hukuncin addini a nan ba ɓoyayye ba ne, kowane ɗan makarantar allo ya ji shi. Sayar da jabu da sunan na gaske algus ne, algus kuwa haramun ne, ko mai saye Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko yana Makola ko yana Amurka. Da yawa daga cikin agogunan nan na zinariya ne, kuma an san matsayin zinariya ga namiji. Dillalin da ya san kayan jabu ne ya kai wa ɗan'uwansa don ya ci la'ada, shi ma yana ciki dumu-dumu. Ina roƙon limamanmu, daga babban masallacin ƙasa na Kanda har zuwa ƙananan masallatan lungu, su kira abin da sunansa a huɗuba, kada su tsaya a faɗin "a guji haram" kawai, domin yaran ba sa jin da su ake.

Saurayin da son agogo ya kama shi da gaske, akwai hanya mai tsabta. Anthony Dzamefe ɗan ƙasar nan ne, da tallan agogo ya fara, ya koyi gyara, a 2018 ya kafa kamfanin Caveman Watches, har jaridun waje suka yi labarinsa. Dattawan gyaran agogo na Makola suna tsufa, idanunsu suna raunana, da yawansu babu yaro ko ɗaya a gefensu yana koyo. Wanda yake son ya san yadda ƙafafun nan ke juyawa, ya je ya durƙusa a gabansu.

Ɗan kasuwa, in aka kawo maka agogo mai babban suna da ƙaramin farashi, ko aka ce ka zuba kuɗi a wanda ba ka gani ba, kada ka fitar da ko sidi ɗaya, kuma ka gaya wa maƙwabcin shagonka don shi ne na gaba. Hajiya mai riƙe da kuɗin susu, amanar mata ce a hannunki, kada wani ɗa ko ƙane ya karɓa da sunan zai juya a agogo. Wanda aka riga aka cuta ya daure ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EOCO, jin kunyarsa shi ke ba macucin damar kama wani. Ku kuma iyaye, in kuka ga agogon da ya fi ƙarfin sana'ar ɗanku a hannunsa, ku zaunar da shi a daren nan, ku tambaye shi inda ya samo, kada ku tashi sai ya faɗa.